Na Je Birni Neman Fuskar Malam

Talata, kafin asuba: daga gida zuwa Zakirai

Da sunan Allah, wanda yake fitar da matafiyi ya kuma komo da shi ɗakinsa. Mun bar gida ana kiran assalatu, ranar Talata, a tsakiyar marka. An kwana ana yayyafi, ƙasa duk ta yi laushi. Ni ce da Ɗanlami, ƙanin marigayi maigidana, shi yana gaba da tocila, ni ina baya da ƙullina a ka. Ni ban yi boko ba. 'Yata Binta ce ke riƙe da biro yanzu, ina faɗa tana rubutawa, domin matan unguwa da suka ishe ni da tambaya, da 'ya'yana maza biyu da ke neman abinci a kudu, kowa ya ji labarin daga bakina.

Bari in fara da abin da ya fitar da tsohuwa irina daga ɗaki a wannan shekara, da ko mai ƙarfi ba ya hawa mota sai dole. Malam ya rasu bara da kaka, bayan mun haura shekara hamsin tare. Bai bar hoto ko ɗaya ba. Mahaifinsa malami ne da ya tsani hoto, shi ma a kan haka ya tashi. Ko katin zaɓe bai yi ba, don an ce sai an ɗauki fuska. Binta ta sha ɗaga masa waya don ta ɗauke shi hoto, sai ya kare da hannun riga ya ce, "Wanda ya halicce ni ya san kamannina."

Da na fita takaba sai na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali. Muryarsa tana nan a kunnena, har gyaran muryar da yake yi in zai shigo gida. Amma in na rufe ido na nemi fuskarsa, sai ta narke mini kamar gishiri a ruwa. Ga idanuna kuma suna tafiya. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kamar ana hura hayaki a gabansa. Likitan ido ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Ya ce, "Iya, abin da kike son gani, ki gan shi da wuri."

Ana nan sai Ɗanlami ya je Birni dubiya, wani abokinsa ya ja shi gidan tarihi. Ya dawo, ko gidansa bai shiga ba, ya tsaya a bakin ɗakina ya ce, "Matar Yaya, na ga Yaya a bango." Ya ce akwai hoton 'yan dako a gindin dalar gyaɗa, Yaya yana ciki da ƙuruciyarsa, yana dariya. Malam kuwa ya yi dakon gyaɗa a Birni rani da yawa, kafin aurenmu da bayansa. Kowa a garinmu ya san Ɗanlami da ƙarin gishiri, in ya ga kare ya ce kura ya gani. Amma ya rantse, ni kuma ba ni da wani wurin dubawa. Na sayar da zabina biyu na haɗa kuɗin mota. Maƙwabciyata Tabawa ta ce, "Ana cin tafasa sau ɗaya a wuni, ke za ki kai zabi kasuwa saboda hoto? Hoto ake ci?" Ba ƙarya ta yi ba.

Hanyarmu zuwa Zakirai ta cikin gonaki ta ratsa. Gero ya fi mutum tsayi, raɓa tana zubo mana a wuya. Wannan hanya na bi ta ba adadi a bayan Malam, zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa. A zamaninmu mace ba ta jerawa da mijinta, ba ta kuma ƙura masa ido.

Ɗanlami ya waiwayo ya ce, "Ɗaga ƙafa, amarya, kada mota ta bar mu."

Na ce, "Amaryar wa? Kai da na zo gidan nan na tarar kana yawo ba wando."

Ya ce, "Ai gado ne. Yaya ya bar mini ke."

Na ce, "To, ka ci gadon wahala."

Zakirai

Mun iso ana sallame sallar asuba. Ɗanlami ya shiga masallacin tasha, ni kuma wata mai koko ta shimfiɗa mini buhu a bayan rumfarta na yi tawa. Muka sayi koko da ƙosai. Ƙosan bana kamar 'ya'yan kanya, na ɗauki ɗaya na rasa shi a tsakanin yatsuna. Matar ta lura, ta ce, "Wake ne ya hau sama, Iya, mai kuma ya bi shi." Ta ƙara mini ɗaya ba ta karɓi komai ba. Allah ya saka mata.

Ƙaramar mota ce a kan layi, aka ce sai ta cika. Da can kafin mutum ya gyara zama an cika an tashi. Ran nan har rana ta fito mu huɗu ne. Da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota na zaci na mutum biyu yake nufi, ashe na kai ɗaya ne.

Ɗanlami ya ce, "Mu fa Kano za mu, ba Makka ba."

Direba yana goge gilashi, bai ko juyo ba ya ce, "Baba, je ka gidan mai ka gaya musu haka."

Aka sa ni a gaba saboda tsufa, ni da wata mai jego da za ta kai jaririnta asibiti. Rana ta ɗaga kamar tsayin taɓarya muka tashi.

Daga Zakirai zuwa Yankaba

Ko'ina gona ce, gida na bin gida, babu dajin da za a ɗaure akuya. Abin da idona ya iya kamawa kore ne, amma ba kore mai duhu ba. Direba ya ce taki ya gagari mutane, masara duk ta yi ɗorawa tun ba ta yi goyo ba. Na ce masa da can duk nan gyaɗa ce. In kaka ta yi sai ka ga jakuna da raƙuma da manyan motoci sun ɗauki hanya, maza su bi gyaɗar zuwa Birni su yi dakonta, su jera buhu kan buhu har ya zama dutse. Sai shekarun fari suka zo, ƙwarin darɓa suka sauka, ganye ya nannaɗe, muka tona muka tarar da kwanso ba ƙwaya. A shekarar muka ci dusa, a shekarar muka binne ɗanmu na biyu. Daga nan Malam bai ƙara zuwa dako ba, don babu abin ɗauka.

Direban sa'an jikana ne. Ya ce, "Mu dai labari muke ji, Iya. Ashe an taɓa wahala irin ta yanzu?"

Na ce, "An yi, ɗana. Sai dai wancan sama ce ta hana ruwa. Wannan kuwa ga ruwa, ga abinci a kasuwa, hannu ne ba ya kaiwa."

Bayan Gezawa, kafin Jogana, muka tarar da shinge. Wani jami'i ya zagaya ya duba bayan mota, sannan ya leƙo ta tagata ya ce, "Iya, ina zuwa da sanyin safiya haka?"

Na ce, "Wajen maigidana."

Ɗanlami daga baya ya ce, "Ga ni nan ai, ranka ya daɗe. Rikicin tsufa ne." Mutanen mota suka yi dariya, har jami'in.

Ya ce, "Yana asibiti ne?"

Na ce, "Ya rasu bara."

Dariya ta tsaya. Ya ɗauke hannunsa daga jikin mota ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ku sauka lafiya." Mai jegon nan ta laluɓo hannuna ta riƙe, ba ta sake ni ba sai a tasha.

Daga Yankaba zuwa Rijiyar Zaki

Hantsi ya yi sosai muka sauka a Yankaba. Rabona da Birni tun haihuwar ɗan Binta na fari, ban gane komai ba. Muka hau adaidaita sahu, ya ratsa gari da mu daga gabas zuwa yamma, ya hau gada ya sauka, ya shiga wata ta ƙarƙashin ƙasa. Ni dai na rungume ƙullina ina salati, don ƙwan zabi ne a ciki, na ƙarshe da suka bar mini.

Binta tana aure a Rijiyar Zaki, kusa da sabuwar jami'a, inda mijinta yake aikin ban ruwan furanni. Ɗaki biyu ne na haya a gidan mutane da yawa. Na kwance mata daddawa da busasshen zogale da ƙwan, biyu kawai suka fashe. Ta dafa mana garau-garau, ta kawo tana sunne kai ta ce, "Inna, ku yi haƙuri. Nama sai dai mu ji ƙanshinsa daga maƙwabta." Na ce wanda ya baro tafasa ba ya raina shinkafa. Ɗanlami ya cinye nasa ya leƙa nawa.

Da yamma tana matsa mini ƙafa ta ce, "Inna, kin san halin Baffa. In muka je ba shi ba ne fa?"

Na ce, "In ba shi ba ne, na dai je."

Ta ce, "Ni ma ina son gani. Autana ba zai tuna shi ba."

Laraba: gidan tarihi

Bayan mun karya muka fito mu uku, ni da Binta da Ɗanlami. Muka bi ta Kabuga muka shiga cikin gari. Gidan yana tsakiyar Birni, ba nisa da fada. Na zaci bene zan gani mai gilashi. Ashe ginin ƙasa ne mai kauri, da zankwaye a sama, irin na sarakunan da. Ina shiga zaure na ji sanyi da ƙanshin ƙasa da azara, kamar ɗakin kakata. Binta ta biya kuɗin shiga, ba shi da yawa. Mu kaɗai ne baƙi a safiyar.

Wata mata ce ta tarbe mu, Malama Zulai, mai zagayawa da baƙi. Ɗanlami ya ce a kai mu ɗakin hotuna kai tsaye. Ta ce ɗakunan a jere suke, wannan yana shiga wancan, hotunan kuma suna can ƙarshe. Da ta lura da idona sai ta kama hannuna, duk inda akwai dokin ƙofa ta ce, "Ɗaga ƙafa, Iya." Tana tafe tana bayani. Ta ce gidan ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Wani babban basarake aka gina wa shi, har sarki ya taɓa zama a ciki kafin a gama ginin fada. Da Turawa suka ci gari suka yi ofis a ciki, daga baya aka yi makaranta a wani sashe, aka ware wannan sashen don ajiye kayan da. Ta ce gidan ƙasa kamar tsoho ne, kowace shekara sai an yi masa yaɓe, in ba haka ba damina ta cinye shi.

Abin da muka fara tararwa ƙyauren ƙofar gari ne, na ƙarfe, ya fi mutum biyu tsayi. Ta ce wannan an yarda a taɓa, ta ɗora tafina a kai. Sanyi gare shi, duk ƙusoshi. Ta ce da can in magariba ta yi sai a rufe, wanda ya makara ya kwana a waje. A ɗaki na gaba akwai sulke da kwalkwali da takubba, da kwari da baka, da tsofaffin bindigogi. Waɗannan ban tsaya a kansu ba, ba ni da kowa a cikinsu. Sai kuɗin wuri a cikin akwatin gilashi, da anini mai huji. Anini kam na san shi, da shi ake aikena sayen gishiri ina yarinya.

Daga nan muka shiga wani ɗaki da aka shirya kamar na amaryar da. Ga jeren ƙorai, ga tasoshi, ga adudu, ga mazari da auduga, ga dutsen niƙa a gefe da ɗansa a kai. Na sunkuya na shafa shi.

Na ce, "Malama, wannan ai ɗakina ne. Dutse irin wannan na koma kansa tun da kuɗin inji ya gagare ni."

Ta ce, "Wallahi, Iya, ba ke kaɗai kika faɗa mini haka ba a bana."

Ɗanlami ya ce, "Malama, ku karɓe ta ku ajiye a nan, ku manna mata takarda. Kyauta na ba ku."

Na ce, "In sun karɓe ni, wa zai riƙa ba ka ɗumame?"

Malama ta yi dariya. Ni ma na yi, sai na ji ta ce saura ɗaki ɗaya.

Babu wuta a ranar, ɗakin hotunan da duhu. Malama ta buɗe taga haske ya shigo. Ta fara nuna mana jirgin ƙasa na farko da marina da kasuwa, amma Ɗanlami ya riga ya wuce ƙarshen bango. Ya kai yatsa kusa da gilashi ya ce, "Ga shi nan."

Na matsa har hancina ya kusa taɓa hoton. Abin da na gani wani farin dutse ne mai tsini, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a gindinsa. Shi ke nan abin da idona ya ba ni. Binta ta nemi izini ta ɗauka da waya, Malama ta yarda. Ta buɗe hoton da yatsu biyu har fuskar da Ɗanlami ya nuna ta cika wayar, ta sa mini a gaban idona na dama.

Saurayi ne, hula a karkace, yana dariya, da wushirya. Na duba. Na sake dubawa. Na goge ido da bakin mayafi na kuma dubawa.

Binta ta ce, "Inna, shi ne?"

Ban sani ba. Malam yana da wushirya? Haƙoransa na gaba sun daɗe da zubewa, kafin nan kuma fa? Na nema a raina na rasa. Mutumin da na haifa wa 'ya'ya bakwai, na yi jinyarsa har ya cika, ban taɓa tsayawa na kalle shi ido cikin ido ba. In zan ba shi ruwa kaina a ƙasa, in yana magana ina kallon tabarma. Haka aka koya mana, haka iyayenmu suka yi, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba sai ran nan.

Ɗanlami ya ce, "Shi ne mana. Dubi hancin." Ya karɓi wayar ya kai ta bakin taga. Ya daɗe yana kallo. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ko kuwa Audu ne na gidan Sarkin Noma? Tare suke zuwa dakon." Ya miƙa wa Binta wayar ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ni lokacin yaro ne, matar Yaya."

Na zauna a ƙasa a gindin bango na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar rasuwa saboda idon mutane. Malama Zulai ta kawo ruwa, ta zauna kusa da ni a ƙasan, da tufafinta na aiki. Sai da na lafa ta ce, "Iya, mu ma ba mu san sunayensu ba. Wanda ya ɗauki hoton dalar ya zo ɗauka, ba mutanen ba. Akan zo mana neman uba ko kaka a nan. Wasu su samu, wasu su tafi haka."

Binta za ta mayar da waya jaka na ce, "Kawo. Tunda na zo, bari in ga dalar da ta cinye masa ƙuruciya." Ta durƙusa kusa da ni, ta riƙa jan hoton a hankali daga gindi zuwa sama. A gefen dalar an bar buhuna kamar matakala, mutane suna kai. Duk sun juyo suna kallon mai ɗaukar hoto, har waɗanda ke can ƙololuwa, wani ma ya ɗaga hannu. Sai mutum ɗaya a tsakiyar hawa, da buhu, ya ba da baya.

Na ce, "Tsaya nan. Ƙara buɗewa."

Sauran masu kaya duk a ka suka ɗauka ko a kafaɗar dama. Wannan a hagu ya ɗora, kafaɗar ta sauka, ya kai hannun hagu baya ya tallafo gindin buhun. Malam bahago ne, kafaɗarsa ta hagu kuwa a sauke take har ya koma ga Allah. Ya tuɓe riga ya naɗe ta a ƙugu, ƙullin a baya ta gefen hagu, yadda yake yi in zai kama huɗa. Ga ƙeyar, ga kunnen nan da ya buɗe kamar zai tashi. Wannan bayan shi nake leƙe ta kafar danga duk rani in zai tafi Birni, har ya ɓace a bayan kukar bakin gari. Shi na bi zuwa gona da ƙwaryar fura a ka. Shi na bi ranar da ya saɓa ɗanmu zuwa wajen magani, muka dawo babu shi. Ban yi kokwanto ba ko na ƙiftawar ido.

Na ce, "Ga shi nan."

Ɗanlami ya sunkuyo. Ya duba, ya duba, sai ya fara dariya hawaye na zubo masa. Ya ce, "Wallahi halinsa ne. Kowa ya juyo a ɗauke shi, shi ya ba Bature ƙeya." Binta ta kifa kai a cinyata ta sa kuka.

Malama ta ce, "Iya, kin tabbata?"

Na ce, "A kan fuska ba zan rantse ba. Wannan kuwa, Allah ne masani, amma ni na san abin da na bi."

Ta ce sukan adana abin da baƙi suka shaida, ko zai yi wa na baya amfani. Ta tambaye ni sunansa. Na yi shiru. Sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a bayan idonsa. Jikokina biyu da aka sa wa shi, Mai Sunan Malam nake ce musu. Malama ta gane, ta yi murmushi, ta juya wajen Ɗanlami. Shi ya faɗa, ni na kau da kai. A wannan takarda ma na hana Binta sa shi, masu karantawa sun san shi.

Aka kawo mini kujera 'yar tsuguno, na zauna a gaban hoton da wayar a hannuna har aka kira azahar. Ba wanda ya ce in tashi. Ɗanlami ya koma zaure ya zauna shi kaɗai.

A hanyar komawa Binta ta ce za ta kai a wanke hoton a faɗaɗa shi, in rataye a ɗaki. Na ce a'a. Mutumin da ya ƙi hoto da ransa, wannan ma ta baya aka same shi, ba zan rataye shi a ɗakinsa ba. Na ce, "Ke ubanki ne. Riƙe a wayarki ki nuna wa autanki, ki tura wa yayyenki. Ni na gani."

Alhamis: komawa gida

Surukina ya yarda Binta ta rako ni ta yi mini kwanaki. Shi ya kai mu Yankaba da sassafe, ya sayo mini burodi ya sa a ƙullina. Motar ta fi ta zuwa saurin cika, don masu barin Birni sun fi masu shigarsa yawa a bana. Ruwa ya tare mu a Jogana, gilashin gefena ba ya rufuwa, direba ya ba ni leda na kare. A shingen nan wani jami'in muka tarar, ya ɗaga mana hannu kawai muka wuce.

Ɗanlami bai yi wasa ko sau ɗaya ba tun daga Birni. Da muka sauka a Zakirai bayan azahar sai ya ɓace, ya dawo da goro ɗaya ya danƙa mini. Ya ce, "Matar Yaya, na sa kin rabu da zabinki a kan fuskar wani."

Na ce, "Ka kai ni inda ya kamata. Yatsanka ne kawai ya sauka a wani wuri."

Ya ce, "To, shi ma Audu Allah ya jiƙansa. Ya sha kukan da ba nasa ba."

Na ce, "Ka ga ka warke."

Muka kama hanyar gonaki, ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ta ƙanshi. La'asar sakaliya muka shiga gari. Tabawa tana bakin ƙofarta tana tsinke rama. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "To, kin ga fuskar?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ta ce, "Ban gaya miki ba?"

Na ce, "Na ga bayansa. Yana hawa, da kaya a kafaɗa."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Tabawa ta riga ni takaba da shekaru. Ta ce, "Ni nawa ko bayan babu." Bayan magariba ta aiko mini da kwaɗon ramar, rabin abin da ke gare ta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa mai kokon Zakirai, da direbobin da suka yi haƙuri da tsohuwa, da mai jegon da ta riƙe hannuna, Allah ya raya mata ɗanta. Ina gode wa Malama Zulai da ta zauna a ƙasa tare da ni, Allah ya tsare gidan da take tsaro daga ruwan damina. Ina gode wa surukina, da Binta da hannunta ya gaji da rubutu, da Ɗanlami, duk da halinsa.

Ku 'ya'yana da ke kudu, kada ku damu da ni. Fuskar ba ta dawo ba, na kuma daina wahalar da kaina wajen nemanta. Hayaƙin idon dama ya ƙaru tun dawowarmu, jiya sai da Binta ta nuna mini bakin rijiya. Amma yanzu in na rufe ido ga shi nan a gabana a kan hanyar gona, kafaɗa a sauke, yana tafe bai waiwayo ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ya riga ni fita kamar kullum. In lokacina ya yi, ko ba ido na san bayan da zan bi.